Kora Wilson Stewart, Matar da Ta Buɗe wa Manya Makaranta da Farin Wata

 A shafin tarihi na bana mun ɗauko rayuwar wata mata ce daga can nesa, ƙasar Amurka, mai suna Kora Wilson Stewart, wadda ta rasu tun 1958. Shugabar makarantun wata gunduma ce ta karkara. An danƙa mata makullan makarantun yara, ita kuwa ta ga ai iyayen yaran ma suna da haƙƙi a waɗannan ɗakunan karatu, sai ta buɗe musu su da dare. Mu da muke rufe rumfa da la'asar mu ɗauki littafi mu nufi aji, wannan labari namu ne.

Garinsu da tasowarta

An haifi Kora ranar 17 ga Janairu, 1875 a jihar Kentaki, ta tashi a gundumar Rowan, wadda babban garinta shi ne Morehead. Ƙasa ce ta tsaunuka da dazuzzuka da rafuka. Mutanen wurin yawancinsu ƙananan manoma ne da masu saran katako, gidaje a warwatse, hanyoyi kuwa in ruwa ya sauka sai dai doki ko ƙafa. Mahaifinta likita ne, gidansu gidan karatu, don haka ta samu abin da yawancin sa'o'inta ba su samu ba.

Tana da shekara 9 wata muguwar gaba ta ɓarke a gundumar tsakanin dangin Martin da dangin Tolliver. Daga 1884 zuwa 1887 ana ta ramuwar gayya, mutum kusan 20 suka rasa rayukansu. Sunan Rowan ya ɓaci a jaridu, duk inda aka ambace ta sai a tuna da bindiga. A shekarar da rikicin ya lafa ne aka buɗe makarantar horon malamai a Morehead, a nan Kora ta yi karatu, ta ƙara da wata makarantar malamai a jihar Ohayo, ta kuma yi kwas na harkar kasuwanci a birnin Lexington. Tana da wajen shekara 20 ta fara koyarwa. Makarantun ƙauye na wannan zamani ɗaki ɗaya ne, malami ɗaya, yara manya da ƙanana duk a haɗe. In aikin gona ya taso kuma sai a nemi rabin ajin a rasa.

Kujerar shugabar makarantu

A 1901 ta tsaya takarar shugabancin makarantun gundumar, ta kuwa ci. Muƙami ne kamar na sakataren ilimi na ƙaramar hukuma a wajenmu, sai dai su a wancan zamani zaɓe ake yi. Ku tuna fa, a lokacin matan Amurka ba su samu cikakken 'yancin jefa ƙuri'a ba, sai a 1920. Ita ce mace ta farko da ta riƙe wannan kujera a Rowan, tana da shekara 26. Ta yi zangonta na farko, aka sake zaɓenta a 1909. A 1911 kuma ƙungiyar malamai ta jihar Kentaki baki ɗaya ta zaɓe ta shugaba, nan ma ita ce mace ta farko.

Ba shugabar zaman ofis ba ce. A kan doki take bin makarantu ɗaya bayan ɗaya, ta ga wadda rufinta ke zuba, ta ga malamin da ke buƙatar ƙarin horo, ta shiga gidaje ta ji dalilin da ya hana yaro zuwa makaranta. A wannan yawo ne ta san mutanenta ciki da bai.

A gida kuwa ba ta samu yadda take so ba. Aurenta na farko bai daɗe ba ya mutu. Na biyu da Alexander Stewart, wanda ta ci gaba da amsa sunansa har ƙarshen rayuwarta, sun rabu sun mayar, suka sake rabuwa a 1910. Ɗa guda ta haifa, ya rasu yana jariri a 1908. Mun kawo wannan ne don a san halin da take ciki lokacin da ta fara babban aikinta. Bazawara ce, ga raɗaɗin rashin ɗa, ga ƙaramin gari inda bakin mutane ba ya shiru. Da yawa daga cikinmu sun san nauyin wannan kaya ba sai an faɗa musu ba.

Mutum uku da suka tsaya mata a rai

Da yake ita ce mai ilimin da ke kusa da talakawa, ofishinta ya zama wurin karanta wa mutane wasiƙa da rubuta musu amsa. Daga baya ta sha ba da labarin mutum uku da suka sa ta kasa barci.

Ta farko wata dattijuwa ce da 'yarta ta tafi birnin Shikago neman na kanta. Duk lokacin da wasiƙa ta zo, sai uwar ta yi tafiyar mil 7 zuwa Morehead don a karanta mata. Can sai aka daina ganinta na wasu makonni. Ranar da ta dawo, ta zo da wasiƙar a buɗe, ta shaida wa Kora cewa da kanta ta karanta, ta kuma rubuta amsa. Ashe ɗan littafin koyon haruffa ta saya, ta riƙa raba dare a kansa, don ta gaji da a ce sai wani ya shiga tsakaninta da 'yar cikinta.

Na biyu wani magidanci ne mai kamala da ya shigo ofis, ya riƙa shafa littattafan da ke kan kanta. Ta yi masa tayin aron ɗaya, sai idonsa ya kawo ruwa, ya ce bai iya karatu ba, kuma da zai yiwu da ya ba da shekara 20 daga rayuwarsa don ya iya. Na uku wani saurayi ne da ya rera waƙar da shi ya tsara a wani taron makaranta. Kora ta nemi ya rubuta mata ita, ya ce bai iya rubutu ba, kuma waƙoƙi da yawa da suka fi wannan sun zo masa sun ɓace kafin ya samu mai rubuta masa.

To, 'yan uwa, wa ke cikinmu da ba ta san halin dattijuwar nan ba? Saƙo ya shigo waya daga ɗanki ko daga banki, sai kin nemi yaron maƙwabta ya duba miki, kafin magariba unguwa ta san abin da ke ciki. Kin ba da bashin kaya, kin riƙe lissafin a ka, ranar biya a ce ba haka aka yi ba. A wancan zamani a Kentaki wanda bai iya rubuta sunansa ba alamar X yake zanawa a kan takarda, kamar yadda ake dangwala yatsa a wajenmu.

Daren farko

Masana na lokacin sun fi yarda da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda ya girma bai yi karatu ba sai dai haƙuri, a mai da hankali kan yara. Kora ta ga da idonta cewa ba haka ba ne. Ta tara malaman gundumar ta gaya musu shawararta: ga ɗakunan karatu suna kulle tun daga yamma har safe, ga manya suna gona da rana, me zai hana a buɗe musu da dare? Ta gaya musu gaskiya cewa babu ko kwabo da za a biya su. Malaman suka amince.

Saura maganar hanya. Babu lantarki, ga duwatsu ga rafi, ga tsoron fitar dare da tsohuwar gaba ta bari a zukata. Sai aka tsara karatun ya faɗo a dararen da wata ke haske, don mutane su ga inda suke sa ƙafa. Daga nan sunan ya samo asali, makarantun farin wata.

Ranar Litinin 4 ga Satumba, 1911, ranar hutun ma'aikata, malamai suka bi gida gida suna gayyata. Washegari da dare, 5 ga wata, aka buɗe makarantu 50. Lissafinsu shi ne in aka samu mutum 3 a kowace makaranta, wato 150, an gode. Mutum 1,200 suka fito! Daga mai shekara 18 har mai shekara 86. Manoma da matansu, masu saran katako, 'yan tireda, mata da goyo, kowa ya matsu a kan bencin da ɗansa ko jikansa ya zauna da safe.

Ba duka ne marasa karatu ba. Wasu sun ɗan taɓa makaranta suna yara, ƙari suka zo nema. A ganinmu wannan dabara ce babba, domin in gari duka ya fito, ba wanda zai nuna wani da yatsa ya ce ga jahili can za shi makaranta. Kunya ai ita ce ta fi hana babba zama a aji.

Yadda take koyarwa

Ana karatu daga Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe 7 zuwa 9 na dare, na tsawon 'yan makonni. Abin da ake fara koya wa mutum shi ne rubuta sunansa. Akan zana haruffa a kan takarda mai kauri har su yi rami, ɗalibi ya riƙa bin ramin da fensir har hannunsa ya saba. Mutum ya koma gida tun a farkon zuwansa da sunansa a rubuce da hannunsa, yo me zai hana shi dawowa gobe?

Kora ta ƙi a ba manya littafin 'yan aji ɗaya mai labarin kyanwa da ɓera. A ganinta raini ne a zaunar da mai furfura a kan irin wannan. Sai ta riƙa buga wata 'yar jarida mai suna Rowan County Messenger, wato Ɗan Aiken Gundumar Rowan, da gajerun jimloli masu sauƙi a kan labaran garin. Dattijo ya zauna riƙe da jarida kamar kowane mai ilimi, yana kuma son ya gane abin da aka ce game da maƙwabtansa. Daga 1915 ta fara fitar da jerin littattafai uku na mutanen karkara, darussan ciki a kan gyaran hanya ne, da noma, da tsabta, da girki, da ajiyar kuɗi a banki. Ana kuma koyar da lissafi. Da ɗalibi ya ɗan kama, sai a sa shi ya rubuta wasiƙarsa ta farko.

A shekara ta biyu mutum wajen 1,600 suka shiga. A ta uku, 1913, aka ƙudura a kawar da rashin karatu daga gundumar gaba ɗaya. Aka bi gida gida aka ƙirga, aka samu mutum 1,152 da ba su iya karatu da rubutu ba, da sunayensu da inda suke. Wanda tsufa ko ciwo ko kunya ta hana shi zuwa, malami ya bi shi har gida, wani wurin kuma yara suka koya wa iyayensu. Bisa ga lissafinta, da aka rufe zangon mutum 23 kaɗai suka rage, a cikinsu akwai makafi, da marasa lafiya, da sababbin zuwa, da 'yan kaɗan da suka ce su kam ba sa so.

Daga gunduma zuwa ƙasa

Labari ya bazu. Gundumar da aka sani da zub da jini ta koma abin koyi. A 1914 gwamnan Kentaki, James McCreary, ya sa hannu aka kafa hukumar yaƙi da jahilci ta jiha, Kora ce shugabarta. Ƙidayar 1910 ta nuna akwai fiye da mutum 200,000 a jihar da ba su iya karatu ba, ita kuwa ta ɗaura ɗamarar gamawa da matsalar kafin 1920. Da farko majalisa ba ta ware wa hukumar kuɗi ba, ƙungiyoyin mata na jihar ne suka tashi suka taimaka da tara gudummawa. Jihohi irin su Alabama, Oklahoma da Karolina ta Arewa suka kwaikwayi tsarin.

Kora ta dage cewa karatu na kowa ne. A wancan zamani dokar Kentaki ta hana Baƙar fata da Farar fata zama aji ɗaya. Ba ta rushe wannan doka ba, a cikinta ta yi aiki, amma an buɗe makarantun farin wata a unguwannin Baƙar fata, malamansu suka riƙe su. An kai karatun gidajen yari. Daga baya ta kai shi wurin asalin mazauna ƙasar, irin su ƙabilar Blackfeet ta jihar Montana.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, aka yi rajistar samari don aikin soja, kimanin 30,000 a Kentaki kaɗai alamar X suka zana. Abin da ya dami Kora shi ne yaro zai tafi bakin daga ba zai iya aiko wa uwarsa ko layi ɗaya ba, ba kuma zai iya karanta nata ba. Nan da nan ta rubuta Littafin Farko na Soja. A 1922 ta fitar da littafin tarihin makarantun farin wata, a 1930 kuma Littafin Farko na Uwa, mai koya karatu ta hanyar darussan renon yara da kula da gida. Mujallar mata ta Pictorial Review ta ba ta kyautarta ta shekarar 1924, dala 5,000. A 1926 ta jagoranci gangamin yaƙi da jahilci na ƙasa baki ɗaya, a 1929 kuma Shugaba Hoover ya sa ta a kwamitin ba gwamnati shawara kan lamarin. Ta shugabanci zaman tattauna rashin karatu a tarukan malamai na duniya a Edinbura, Toronto da Janiba.

Inda aikin ya tsaya

Amma fa 1920 ta zo ba a gama ba. Ƙidayar shekarar ta nuna marasa karatu a Kentaki sun ragu daga kashi 12 cikin 100 zuwa kashi 8 da ɗoriya. An ci gaba sosai, sai dai alkawarin da aka ɗauka ya fi haka girma. A shekarar nan majalisar jihar ta ƙi sabunta kuɗin hukumar, aikin ya tsaya a jiharta ta haihuwa.

Masu sukarta sun ce 'yan makonni ba sa isa a ce mutum ya iya karatu, wanda ya koyi rubuta suna da gajeriyar wasiƙa, in ba a ci gaba da shi ba, zai manta. Sun ce kuma aikin yana buƙatar ƙwararrun malamai masu albashi. Ita kuwa ta tsaya a kan cewa talaka ba zai zauna jiran ranar da za a samu ƙwararru ba, duk wanda ya iya ya koya wa na kusa da shi. A shekarun 1930, da tattalin arzikin Amurka ya karye, gwamnatin tarayya ta ɗauki malaman da ba su da aiki tana biyansu su koyar da manya. Aikin ya koma hannun ma'aikata, aka riƙa yi ba da ita. A 1936 ta janye daga fagen. A ƙarshen rayuwarta ciwon ido ya kama ta har ganinta ya tafi. Ta rasu a watan Disamba 1958 a garin Tryon na Karolina ta Arewa, tana da shekara 83. Har yau akwai ɗaya daga cikin ɗakunan da aka yi karatun farin wata a ciki, an adana shi a Morehead don masu ziyara.

Abin da muka ɗauka

Mun tattauna wannan gardama a tsakaninmu, mun ga kowane ɓangare da gaskiyarsa. Kora ta tabbatar da abin da iyayenmu ke faɗa, gemu ba ya hana ilimi. Ta kuma nuna cewa mai riƙe da muƙami yana iya duba bayan abin da aka rubuta masa a takardar aiki. Ba wanda ya ce mata manya na cikin aikinta. Ba ta gina sabon ɗaki ko ɗaya ba kafin ta fara, da abin da ke hannunta ta yi amfani: makulli, da allo, da malamai masu zuciya, da sanin lokacin da mutanenta ke da sarari.

Su ma masu sukar ba su yi ƙarya ba. Malamar da ta wuni da yara ta kwana da manya, ba ko sisi, za ta yi shekara ɗaya, ta yi biyu, amma ita ma tana da tukunyar ɗorawa. Mu 'yan kasuwa mun san jarin da ake ci ba a mayarwa ba ya daɗewa. Haka kuma rubuta suna mafari ne kawai. Mace tana buƙatar ta kai inda za ta karanta takardar rance kafin ta sa hannu, ta duba littafin adashe ta gane kowane layi, ta karanta takardar asibiti da sakamakon jarrabawar ɗanta. Wannan kuwa aikin shekaru ne, sai da naci.

Don haka muke kira ga 'yan uwa. Wadda ta fara aji ta bari saboda an iya sa hannu, ta dawo, akwai sauran tafiya. Wadda ta iya karatu ta riƙo hannun maƙwabciyar rumfarta, in kunya ce ta hana ta, a bi ta gida kamar yadda malaman Rowan suka yi. In mun zauna rabon riba, mu tuna da masu koya mana, a ware musu wani abu tsayayye da za su san da shi duk wata, ko yaya yake. 'Ya'yanmu 'yan makaranta, in kun ga uwa tana haɗa baƙi tana tuntuɓe, ku matso ku taya ta, ban da dariya. Iyayen gida maza da ke ba mu dama muna fita, mun gode, waɗanda ba su fara ba kuma muna roƙo. A cikin mutum 1,200 na daren farko akwai miji da mata da suka tafi tare.